Wahalar Fitsari Ga Dattijo, Da Hukuncin Tsarkinsa Da Azuminsa

 Ya ku ƴan'uwa masu saurare a birnin Tawa da garuruwan Adar, darasinmu na yau ya shafi wani al'amari da kunya ta daɗe tana rufewa. Cikin tambayoyin tsarki da ake kawo wa malamai a wannan wata, akwai wadda ba ta yankewa, kuma galibi dattawa ne masu ita. Wani ya ce yakan kama ruwa, ya yi alwala, da ya miƙe sai ya ji ɗigo. Wani ya ce ba ya iya kai ƙarshen asham sai ya fita sahu. Wani kuma ya ce tsakanin isha'i da sahur sai ya tashi sau biyar ko shida. An saba a ba su amsa ta fikihu a sallame su, kuma amsar daidai ce. Sai dai rabin magana ce, domin sau da yawa a bayan tambayar akwai cuta sananniya mai magani, wadda idan aka bar ta takan kai ga lalata ƙoda.

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wani ɗan ƙullutun nama, girmansa kamar matsakaicin goro, nauyinsa wajen giram 20. Likitoci na kiransa furostat. Aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Abin lura game da shi shi ne mazauninsa: ya kewaye bututun da fitsari ke bi daga mafitsara zuwa waje, kamar yadda zobe ke kewaye yatsa. Mata ba su da shi. Idan namiji ya haura shekara 40 sai wannan nama ya fara ƙaruwa sannu a hankali, har binciken likitoci ya nuna cewa kimanin rabin mazan da ke tsakanin shekara 50 da 60 suna da wannan ƙari, kuma a cikin waɗanda suka haura 80 kusan tara cikin goma. Ba kowa ne ƙarin ke damu ba. Amma idan ya matse bututun, sai fitsari ya fara wuyar fita.

Alamun suna zuwa a jere, a hankali, har mutum ya saba da su ya ɗauka tsufa ne kawai. Zai tsuguna ya jima kafin fitsarin ya zo. Idan ya zo ba shi da ƙarfi, ya yanke ya dawo. Ya gama amma ya ji kamar da saura, kuma lallai da saura. Fitsari ya matse shi farat ɗaya har ya kasa kai wa makewayi. Barcinsa ya rarrabu. Mafitsara a farkon lamari takan yi ƙoƙari, namanta ya yi kauri saboda turawa, kamar damtsen mai jan guga a rijiya mai zurfi. Bayan shekaru sai ta gaji ta saki. Daga nan fitsari ya riƙa kwana a cikinta, kwantaccen fitsari kuwa shi ke jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa. Yawan yunƙuri kuma yakan tayar da basir da gwaiwa, har ka ga an yi wa mutum aikin gwaiwa ta dawo, don ba a taɓa abin da ke sa shi yunƙurin ba.

Akwai alama ɗaya da muke so iyalai su riƙe da kyau. Dattijon da ya fara jiƙa shimfiɗa da dare, ko wandonsa ba ya bushewa, mutane sukan ce fitsari ya yi masa yawa, ko kuma su ce ruɗewar tsufa ce. Sau da yawa akasin haka ne. Mafitsarar ce ta cika maƙil ta kasa zubarwa, abin da ke fita ambaliya ce kawai, kamar randar da ake ta zuba wa ruwa tana tumbatsa. Mafitsara mai lafiya tana ɗaukar kusan rabin lita, wato cikin ledar ruwa guda, amma a wannan hali sai a sami lita ɗaya ko fiye, kuma ba tare da zafi ba. Ruwan yakan koma sama ya danne ƙoda biyu. Mutum ya rasa cin abinci, ya riƙa tashin zuciya, ƙafafu su kumbura, jiki ya mutu. Wanda aka kai asibiti da wuri aka sa masa roba, ƙodarsa na iya farfaɗowa. Wanda aka jinkirta, sai a yi maganar wankin ƙoda, kuma kowa ya san abin da wannan ke nufi ga talaka.

Ɗaurewar fitsari ta farat ɗaya kuwa ba ta ɓoyuwa. Mara ta kumbura ta yi tauri, mutum yana gumi yana murƙususu, ɗigo ɗaya ya ƙi fita. Abubuwan da ke tayar da ita sanannu ne a wurinmu. Akwai riƙe fitsari na dogon lokaci, kamar dattijon da ya hau mota daga Tawa zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500, yana jin nauyin ya ce wa direba a tsaya. Akwai taurin bayan gida. Akwai wasu ƙwayoyin mura da ake saye a faranti a kasuwa, da tramol, waɗanda ke ƙara matse bututun ko su kashe ƙarfin mafitsara. Akwai kuma wanda ya fi shafar wannan wata, wato a kwankwaɗi ruwa da kunu da lemo masu yawa a zama ɗaya lokacin buɗa baki, a bi da shayi zagaye uku, sannan a tsaya salla mai tsawo ana riƙewa. Idan haka ta faru, ba a jiran gari ya waye, ba a jiran a sha ruwa, ba a tausa marar da ƙarfi, ba a ɗura wa mutum jiƙo. A kai shi asibiti mafi kusa a zura masa roba. Idan robar ta ƙi shiga ta gaba, ana huda mara a fitar da fitsarin ta nan. Kada a bari wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya tura wani abu cikin bututun, domin raunin da zai yi yakan fi cutar daɗewa.

Sai dai ba kowace wahalar fitsari ce daga ƙarin furostat ba, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ba a shan maganin maƙwabci. Saurayi ko magidanci mai shekara 30 da fitsarinsa ya sirance kamar zare, galibi tabo ne ya ƙuntata bututun, ko dai daga ciwon sanyi da ba a yi wa cikakken magani ba shekarun baya, ko daga rauni na faɗuwa ko haɗarin babur. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce, samarinmu na Abijan da Libiya da Legas, kuma wanda ya kamu da ciwo a baƙunci yakan sayi ƙwaya biyu ya haɗiye, zafi ya lafa, tabo ya zauna. Ciwon sukari ma yana sa yawan fitsari da ƙishirwa. Furostat ɗin kansa yakan kamu da ƙwayar cuta, ya zo da zazzaɓi da zafin fitsari da ciwo tsakanin dubura da maraina, har a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne.

Jini a fitsari yana buƙatar mu ɗan tsaya a kansa. A garuruwan da ke bakin ruwa, kamar tabkin Tabalak da madatsun ruwan da aka gina a ƙasar Keita, an san tsargiya tun da daɗewa, har a da wasu na ganin fitsarin jini ga yaro kamar alamar girma ce. Tsutsa ce ke kawo ta. Tana rayuwa cikin ƙananan katantanwa na ruwan kwance, ta huda fatar mai wanka ko mai kamun kifi, ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara tana zuba ƙwai. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851, shi ya sa ma'aikatan lafiyarmu ke ce mata bilarziyoz. Maganinta ƙwaya ce mai suna praziquantel, ana sha sau ɗaya gwargwadon nauyin mutum, kuma tun 2004 ake rabon ta ga ƴan makaranta a Nijar. Abin da ya sa muka kawo ta nan shi ne tsargiyar da aka yi a ƙuruciya ba a magance ba takan bar tabo a mafitsara, kuma tana daga cikin sanannun dalilan sankarar mafitsara. Don haka babban mutum da ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya ne, ko da ba zafi, kada ya ce tsargiyar da ce ta motsa. Ya je a duba.

Mu zo ga abin da kowa ke tsoro, wato sankarar furostat. Cuta ce daban da ƙarin da muka bayyana, ƙarin ba ya rikiɗa ya zama ita, amma suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Ita ce ta biyu a yawa cikin sankarorin maza a duniya, an ƙiyasta sababbin masu ita kimanin miliyan 1.4 a shekarar 2020, kuma baƙar fata sun fi saurin kamuwa da ita, da ƙarancin shekaru. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi ta, haɗarinsa ya kai ninki biyu. Makircinta shi ne tana tsirowa ne a gefen naman, nesa da bututun, saboda haka tana iya shekaru ba ta taɓa fitsari ba. Inda take son zuwa shi ne ƙashi. Dattijo mai ciwon baya ko ƙugu da ba ya lafawa ko yana kwance, yana ramewa, an sha yi masa maganin sanyin ƙashi, an yi tsaga, an yi ƙaho, alhali tushen yana ƙarƙashin mara. Idan ƙafafunsa suka fara mutuwa ko suka yi nauyi cikin ƴan kwanaki, wannan gaggawa ce ta yini ɗaya, domin alama ce ciwon ya danne lakar baya.

Yadda likita ke rarrabe waɗannan cututtuka ba shi da tsawo. Zai yi tambayoyi, ya taɓa mara, sannan ya sa safar hannu ya taɓa furostat ɗin da yatsa ta dubura, abin da ba ya kai minti ɗaya. Ƙari na tsufa yakan ji sumul da taushi, sankara kuwa takan ji tauri da gargada kamar tsakuwa. A nan ne dattawa da yawa ke tsayawa, wani ya ce gara ya mutu da yaron da ya haifa ya yi masa haka. Muna girmama kunya, amma malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa larura tana halatta wa likita ganin al'aura da taɓa ta gwargwadon buƙatar magani. Wanda ya ƙi minti ɗaya a ɗaki rufe, ƙarshenta yakan kwanta watanni ƴaƴansa na ɗauke masa fitsari. Bayan wannan akwai awon fitsari, da awon jini na ƙoda da na sukari, da hoton ciki da ake kira ekogarafi, wanda ke nuna girman naman da yawan fitsarin da ya rage da halin da ƙoda ke ciki. Akwai kuma awon jini mai suna PSA. Idan ya haura 4 likita zai ƙara bincike, amma hawansa kaɗai ba hukunci ba ne, don ƙari da ƙwayar cuta da sa roba duk suna ɗaga shi. Tabbacin sankara ba ya samuwa sai an tsinko ɗan naman da allura an duba shi a madubin likita.

Hanyar neman magani a jiharmu sananniya ce. Ana farawa daga ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, a tura mutum asibitin gunduma kamar na Keita ko Buza ko Abalak, daga nan zuwa babban asibitin jiha da ke nan Tawa. Asibitin Galmi, wanda aka buɗe tun 1950 a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, ya shahara da aikin tiyata. Abin da ya fi ƙarfin jiha ana kai shi Yamai, inda asibitin Amiru Bubakar Jallo na Lamorde ke da sashen cututtukan mafitsara, kuma akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa inda ake gashi da haske. Wasu kuma sukan tsallaka zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Maganin ƙarin furostat hawa-hawa ne. Mai ƙaramar damuwa wani lokaci gyaran sha da rage shayi da kofi da goro da dare ya ishe shi. Mai matsakaiciya ana ba shi ƙwaya irin tamsulosin, wadda ke sassauta wuyan mafitsara cikin ƴan kwanaki. Sau ɗaya ake shan ta a yini, don haka ba ta karo da azumi, amma tana iya sa jiri idan aka miƙe da sauri, musamman ga wanda ya yini bai sha ruwa ba, saboda haka mai shan ta ya riƙa tasowa daga sujada a hankali. Akwai finasteride, mai rage girman naman kansa, sai dai tana ɗaukar wajen wata shida kafin a ga amfaninta, kuma tana rage awon PSA da kusan rabi, don haka dole a gaya wa duk likitan da zai auna cewa ana shan ta. Mace mai ciki kada ta taɓa fasasshiyar ƙwayarta. Idan ƙwaya ta kasa, ko fitsari ya yi ta ɗaurewa, ko ƙoda ta fara taɓuwa, sai aiki: ko dai a buɗe mara a ɓare naman da ya ƙaru, ko a shiga ta bututu da na'ura a kankare shi ba tare da yanka fata ba. Tambayar da magidanta ke ɓoyewa a zuci ita ce ta iyali. Galibin waɗanda aka yi wa aikin ƙari suna ci gaba da kusantar matansu, amma da yawa maniyyinsu yakan koma cikin mafitsara maimakon ya fito, ya fita daga baya tare da fitsari. Ba ya cutarwa, amma yana rage haihuwa, don haka mai son ƙarin zuriya ya faɗa wa likita tun kafin aiki.

Sankara idan an same ta tana wuri ɗaya ana iya warkar da ita, da tiyata ko da gashin haske. Idan ta bazu ma ba a rasa abin yi ba. Tun 1941 wani likita a Amurka mai suna Charles Huggins ya nuna cewa wannan sankara tana rayuwa ne da sinadarin mazakuta da maraina ke samarwa, kuma idan aka yanke mata shi sai ta lafa. A kan haka aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Har yau a kan wannan ake tafiya, ko da allura duk wata ɗaya ko wata uku, ko da ƙaramin aiki a maraina sau ɗaya, wanda ya fi sauƙin kuɗi ga mai nisan gari. Ciwon ƙashi yakan sauka, mutum ya miƙe ya koma masallaci, wasu har shekaru.

Yanzu ga hukunci. Tsarkaka daga fitsari wajibi ne, kuma gargaɗin da ya zo a kan sakaci da shi kowa ya san shi. Amma littattafan da muke karantawa a zaurukanmu, irin su Muhtasar na Halil, sun koyar da cewa istibra'i a hankali ake yin sa, ba da matsa mai ƙarfi ba. Likitoci ma haka suka ce: a ɗan jira, a shafo daga ƙarƙashin maraina zuwa gaba sau biyu ko uku, ɗigon da ya maƙale zai fita. Wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba, shi ne mai salas. A mazhabar Malik, idan yoyon ya ɗauki rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. An so ya sabunta ta idan babu wahala, sai fa in yoyon ba ya yankewa sam, to wannan ba a ma nemi sabuntawa ba. Idan kuwa lokacin da yake bushe ya fi yawa, alwala tana warwarewa, sai ya nemi lokacin sauƙi ya yi salla. An kuma yi rangwame kan abin da ke taɓa tufafin wanda abin ke zo masa kullum. Mai roba da jaka yana cikin wannan hukunci: ya zubar da jakar, ya tsaftace abin da zai iya, ya yi alwala ya yi sallarsa, ya kuma kula kada jakar ta haura mararsa don kada fitsarin ya koma ciki. An karhanta wa mai salas ya limanci masu lafiya, amma sallar ta inganta. Limamin da wannan ya same shi ya wakilta wani, ya tafi neman magani.

Game da azumi, zura roba ko na'ura ko magani ta bututun fitsari ba ya karya shi. Haka yake a mazhabarmu, kuma haka Majalisar Fikihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1997. Ɗibar jini kaɗan don awo ma ba ya karyawa. Mara lafiyar da ke tsoron ƙaruwar ciwo ko jinkirin warkewa an yarje masa ya sha ya rama, idan kuwa yana tsoron halaka ko babbar cuta, shan ya zama wajibi a kansa. Mai zazzaɓi da ciwon fitsari, da wanda ƙodarsa ta taɓu, da mai tsakuwar da ke motsi, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, duk suna cikin waɗanda likita zai iya hana wa azumi, balle a shekarun da watan ke faɗowa cikin bazara, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40. Tsohon da ba ya iyawa gaba ɗaya babu ramuwa a kansa, an so ya ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowane yini.

Wanda likita ya bar shi ya yi azumi, kada ya rage shan ruwa don gudun tashin dare, domin wannan ne ke kawo tsakuwa da ƙwayar cuta. Ya nemi kamar leda huɗu ko biyar tsakanin magariba da alfijir, a rarrabe: kaɗan a buɗa baki, kaɗan bayan asham, ya sassauta kafin barci, ya cika a sahur. Ya yi fitsari kafin ya shiga salla ko bai matsu ba, ya tsaya a gefen sahu kusa da ƙofa a daren tahajjudi. Mai shirin zuwa asibiti kuma ya ƙirga sau nawa yake fitsari dare da rana har kwana uku, ya tattara kwalayen duk magungunan da yake sha, har na gargajiya da na ƙarfin maza, ya tafi da ɗansa ko ƙaninsa da zai riƙe bayanin likita. Hoton ekogarafi yana buƙatar mafitsara a cike, don haka mai azumi ya sha ruwa sosai a sahur, ya yi sammako, ya shaida wa ma'aikata tun da ya isa cewa riƙon fitsari yana yi masa wuya, don a gabatar da shi.